Gona a bakin Yamai: a saya a jira, ko a sa ta aiki?

Tambaya: Ina sayar da kayan gini a kasuwar Katako. Na tara miliyan uku na sefa, an kuma yi mini tayin gona a wajen Libore, kan hanyar Kollo. Abokaina sun ce in saya in bar ta, gari zai iske ta. Me kake gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokanka ba su yi ƙarya ba, Yamai tana cin gonakin da ke gefenta. Dubi gandun bedi da aka fara dasawa kewaye da gari tun 1965, yau gidaje sun shiga cikinsa. Amma ba ka san ranar da rabon filaye zai kai wurinka ba, kuma kuɗin ɗan kasuwa ba su saba kwana ba.

Ƙauyukan nan na bakin gari su ke ciyar da mu. Shinkafa daga fadamun Saga da Kirkisoye, salati da tumatir da zogale daga lambunan bakin kogi, madara daga rugagen Hamdallaye da Kollo, inda akwai cibiyoyin tara ta. Yashi da tsakuwar da abokan cinikinka ke gini da su ma daga can manyan motoci ke kwaso su. Duk abin da ba ya jure doguwar hanya, kusancin gari ne ribarsa. Albasar Galmi tana iya kwanaki a buhu. Salati kuwa in ya wuni ya tashi daga aiki.

Don haka in za ka saya, ka sayi wadda za ta ci da kanta. Kada ka zuba duka kuɗin a ƙasa. Ka ware na rijiya da injin ban ruwa da shinge, don gona marar shinge a can ta awakin maƙwabta ce. Ni da zogale zan fara: ana tsinkarsa sau da yawa a shekara, kuma ka san yadda ake rububinsa da azumi. A gefe ka ɗaure raguna watanni uku ko huɗu kafin layya. Takinsu ya koma lambu, kararen gona su koma bakinsu. Mai aikin lambun kuwa, ka ba shi kaso cikin riba, tunda kai kana Katako ba ka ganin abin da ya fita.

Takardu su ne inda na fi ganin mutane suna kuka. Galibin gonakin nan na gado ne, mutum ɗaya ya sayar, 'yan'uwa biyar su taso daga baya. Ka nemi dukkan magada su sa hannu gaban maigari, ka je hukumar filaye ta Kofo da dokar karkara ta 1993 ta tanada, ka kuma bincika a ma'aikatar magajin gari ko wurin ya faɗa cikin wani rabon filaye, ko burtalin dabbobi ya ratsa shi.

Sai ruwa. A 2020 kogi ya karya madatsai ya shanye gonaki da gidaje a Saga da Harobanda. Mai sayarwa zai so ya kai ka da rani, ƙasa a bushe tana kyau. Kada ka biya ko dala sai ka koma a watan Agusta ko Satumba, bayan an tafka ruwa, ka taka ta da ƙafarka, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwan waccan shekarar ya tsaya.