Ina Zan Kai Yarona Bayan Aji Shida?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato neman gurbin sakandare ga yaran da ke gab da kammala firamare. Mun zaɓi guda uku, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Gwarzo, ban kuma yi nisa a karatun boko ba. Ɗana na fari yana aji shida, burina ya zama likita. Hedimastansu ya ce in yanka masa fom na makarantar gwamnatin tarayya, ƙanena ya ce in kai shi makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, maƙwabcina kuwa ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, in sa shi a makarantar kuɗi in huta. Na rasa maganar wa zan ɗauka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya raya mana yaron, Ya cika maka burinka a kansa. Abin da ya rikita ka shi ne mutanen nan uku ba a kan ƙofa ɗaya suke yi maka magana ba, domin ƙofar da hedimasta yake nuna maka bana ake shigarta, wadda ƙanenka yake nufi kuwa sai nan da shekara uku za ta buɗe wa ɗanka.

Sakandare a Najeriya hawa biyu ce. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982 aka raba ta zuwa ƙaramar sakandare mai shekara uku da babbar sakandare mai shekara uku, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare ta mayar da su shekara tara na ilimin tushe, wanda yake kyauta kuma tilas a makarantun gwamnati. A ƙarshen aji uku yaro yana zana jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, daga nan ne hanya take rabuwa, wani ya nufi kimiyya, wani adabi da zamantakewa, wani kasuwanci, wani fasaha. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tsohuwar Jihar Kano ta buɗe a 1977 saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar, a wannan mararrabar suke ɗaukar ɗalibai, bayan jarrabawar tantancewa da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar take shiryawa. Saboda haka shawarar ƙanenka mai kyau ce, sai dai ta riga lokacinta. Ka adana ta.

Makarantun da hedimasta yake magana a kansu su ne kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗaka saboda an gina su ne domin yaran sassan ƙasar nan su taso wuri guda. An fara da uku a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, aka yawaita su bayan yaƙin basasa, yanzu kuma sun haura ɗari. Akwai na maza da mata a haɗe kamar ta Kano da ta Daura da ta Kiyawa, akwai na mata zalla kamar ta Minjibir da ta Kazaure da ta Bakori, akwai kuma na fasaha. Ana shiga ajinsu na farko ne ta jarrabawar da jama'a suka fi sani da kwaman entirans ta tarayya, wadda hukumar NECO take shiryawa sau ɗaya a shekara. Ta intanet ake rajistarta, a saka hoton yaro da ranar haihuwarsa da jiharsa ta asali da makarantun da aka zaɓa masa, jarrabawar kuma ta ƙunshi Lissafi da Turanci da kimiyyar matakin firamare da tambayoyin gwajin kaifin basira. Kada ka miƙa wa mai shagon intanet kuɗi ka juya baya. Ka zauna kusa da shi, ko ka sa wanda ya iya karatu ya zauna, a duba kowane harafi na sunan yaron kafin a aika, domin wanda aka rubuta masa Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fom, Muhammadu a katin NIN, zai haɗu da ɗan karen wahala ranar da ya zo rajistar JAMB, wadda ba a yin ta sai da lambar NIN.

Akwai wani abu game da rabon gurabe da iyaye da yawa a nan Arewa ba su sani ba, rashin sanin kuma yana cutar 'ya'yansu. Ba maki kaɗai ake dubawa ba. Tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya take bayyanawa shi ne kashi 60 cikin ɗari na gurabe ga waɗanda suka fi maki a faɗin ƙasa, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma a bar shi domin larura. Ma'anar wannan ita ce kowace jiha tana da rabonta, yaron Kano zai yi gogayya da 'yan uwansa Kanawa a kan wannan rabon ko da bai kai makin ɗan Anambra ko ɗan Legas ba. Duk da haka, shekara da shekaru wasu jihohinmu suna cikin waɗanda suka fi ƙarancin masu rajista. Rabon yana nan ajiye, masu shi ne ba su zuwa ɗauka. A ganina duk uban da ɗansa yake da ƙoƙari, kuma kuɗin fom bai gagare shi ba, bai kamata ya bar wannan jarrabawa ta wuce shi ba, domin zana ta ba ya hana yaro zana ta jiha, wadda ake yi masa rajista ta hannun hedimasta, ma'aikatar ilimi ta jiha ta tura shi makarantar jeka-ka-dawo ko ta kwana.

Sai dai kada kalmar gwamnati ta sa ka zaci babu kashe kuɗi. Ba a biyan kuɗin koyarwa a makarantun haɗaka, amma ana biyan na abinci da kayan makaranta da littattafai da sauran tarkace, kuma a 2023 ma'aikatar ta ɗaga abin da sabon ɗalibi yake biya a zangon farko zuwa naira 100,000, ban da katifa da bokiti da akwati da kuɗin mota ranar ziyara. Ka yi lissafin shekara shida, ba na zango ɗaya ba.

Maganar maƙwabcinka kuwa ba ta da amsa guda, domin sunan makarantar kuɗi ya haɗa wadda take da ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai da wadda aka buɗe a gidan haya mai ɗaki huɗu aka rataya mata allo mai dogon Turanci. Tunda likita kake so, ma'auninka a fili yake. Jami'a za ta nemi kiredit a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, da yawa daga cikin jami'o'in ma a zama ɗaya suke son su, sannan ga makin JAMB mai tsauri. Duk makarantar da aka nuna maka, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ka nemi a kai ka ɗakin gwaje-gwaje ka gani da idonka, ka tambayi malaman Fizis nawa ne da su da kuma tsawon shekarun da suka yi a wurin. Da ni ne kai, Alhaji, da na yi wa yaron rajistar ta tarayya da ta jiha duka biyu, in ya sami ta tarayya kuma aljihu zai ɗauka ya tafi, in bai samu ba ya yi ƙaramar sakandarensa a nan Gwarzo a gaban idona, in ƙarfafa masa Lissafi da Turanci da darasin yamma, in shirya shi tun daga aji biyu domin jarrabawar makarantun kimiyya.

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni uwa ce daga Gusau. Maigidana yana son 'yarmu ta shiga sakandaren Arabiyya da addinin Musulunci, ni kuma ina tsoron kada ta gama ta rasa hanyar shiga jami'a. Sannan makarantar da yake so ta kwana ce, hankalina kuma bai kwanta da makarantar kwana ba a wannan zamani.

Amsa: Hajiya, tsoronki na farko yana da sauƙin magani fiye da na biyu. Sakandaren Arabiyya ba sabon abu ba ce a tsarin karatun boko na Arewa, domin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda ta faro a 1934 a matsayin makarantar koyon shari'a, ta yaye alƙalai da malaman jami'a masu yawa. A yau ɗaliban irin waɗannan makarantu suna zana jarrabawar NBAIS, wato hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta amince da ita, kuma ana shiga jami'a da sakamakonta kamar yadda ake shiga da na WAEC ko NECO, ko na NABTEB ga waɗanda suka fito daga kwalejojin fasaha. Abin da zai buɗe wa 'yarki ƙofa ko ya rufe ba sunan makarantar ba ne, darussan da ta ɗauka ne. Yarinyar da ta fito da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi tana da hanyar karatun Larabci ko addinin Musulunci ko lauya ko koyarwa, amma in aikin jinya ko haɗa magani take sha'awa, ba makawa sai ta yi darussan kimiyya a babbar sakandare, kuma ba kowace makarantar Arabiyya take koyar da su ba. Ki roƙi maigida ku je tare ku tambayi firinsifal abu biyu, wace jarrabawa ɗaliban ajin ƙarshe suke zanawa, kuma waɗanne darussa ake yi musu rajista a kansu. Ki kuma bambanta wannan da Islamiyyar yamma ko makarantar hadda da ba ta da rajista da kowace hukumar jarrabawa, domin ita wannan alheri ce mai zaman kanta, amma takardarta ba ta maye gurbin ta sakandare.

Batun kwana kuwa, ba zan ce miki tsoronki na banza ba ne, ke da kike Zamfara, inda aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, wata biyu da rabi bayan sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara, kafin kuma a auka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021. Makarantar kwana tana da amfaninta na gaske, musamman ga ɗiya mace, domin tana raba ta da talla da aikin gida da ke cinye lokacin bita, tana kuma ba ta karatun dare a kan ƙa'ida. Amma ba a auna wannan amfani da ran yarinya. Ki duba ko makarantar a cikin gari take ko a bakin daji, ko tana da katanga da masu gadi, ko malamai mata suna kwana a harabarta, da kuma irin hanyar da za ku bi duk ranar ziyara da ranar hutu. Yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ni na fi son ta yi ƙaramar sakandare tana kwana a ɗakin uwarta, a ɗage maganar kwana zuwa aji huɗu, lokacin da ta ƙara hankali kuma kuka ga yadda al'amura suka daidaita. Wannan matsaya ce da maigida zai iya karɓa ba tare da ya janye burinsa ba, tunda akwai makarantun Arabiyya na jeka-ka-dawo.

Tambaya: Malam, wata makarantar kuɗi a unguwarmu a Kaduna ta ce za ta ɗauki ɗana aji ɗaya na sakandare daga aji huɗu na firamare, ba sai ya yi biyar da shida ba, wai kansa yana ja. Shekararsa tara. In amince?

Amsa: Kada ka amince, Malam. Tsallake aji biyar da shida ya zama ruwan dare a makarantun kuɗi, wasu iyaye ma har alfahari suke yi da shi, alhali a waɗannan azuzuwan biyu ne yaro yake ƙwarewa a rabawa mai tsawo da lissafin ɓangarori da karanta dogon labari ya fahimta da kansa, kuma a kan waɗannan aka ɗora manhajar ƙaramar sakandare. Giɓin ba ya bayyana a zangon farko, sai a aji uku ko huɗu na sakandare, lokacin da Lissafi ya fara yi wa yaron tutsu, iyaye su ɗora wa malamai laifi. Ga kuma lissafin shekaru, domin wanda ya shiga yana da tara zai gama yana da goma sha biyar, alhali mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a goma sha shida ne, sai ya dawo gida ya zauna zaman jira, shekarar da aka yi gaggawar cinyewa ta tafi a banza.

Tunda makarantar ce da kanta ta kawo maka wannan tayi, ya kamata ka ƙara bincike a kanta. Ka nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, ka lura ko amincewar ta firamare ce kawai ko ta haɗa da sakandare, ka kuma tambayi lambar cibiyarsu ta WAEC da NECO. Makarantar da take kwashe ɗalibanta na ajin ƙarshe ta kai su wata makaranta a ƙauye su zana jarrabawa, tana kuma yi wa iyaye alƙawarin kiredit tara tun kafin a ga takardar tambaya, hukumomin jarrabawa suna iya riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya idan suka sami alamar maguɗi, har da na yaron da ya yi karatunsa tsakani da Allah. Ka bar ɗanka ya ƙarasa firamarensa, in kuma kansa yana ja kamar yadda suka faɗa, ka yi masa rajistar jarrabawar makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja idan ya kai aji shida, wadda ita ma NECO ce take shirya ta, daban da kwaman entirans.