Tsohon babban babur: ba inji ne ke fara mutuwa ba

Habu, tambayarka ita ce: Honda CBR600F ɗin nan na 1998 da Alhaji ke son rabuwa da shi, idan yayanka ya saya zai yi masa shekaru, ko asarar kuɗi zai yi? Ka ce abin da ke ba ka tsoro shi ne injin, tunda mita ta haura kilomita 60,000.

Cire tsoron injin daga ranka. Injin silinda huɗu irin wannan, in ana canza masa baƙin mai a kan lokaci kuma ba a bari ya yi zafi fiye da kima ba, kilomita 60,000 ba tsufa ba ne a wurinsa. Abin da yake so shi ne a duba tazarar bawul duk kilomita 24,000, kamar yadda kamfanin ya tsara, kuma yawancin masu su ba sa yi. Abubuwa uku ke kwantar da waɗannan baburan a garin nan namu na Jos: ajiya, wuta, da hannun wanda ya saba da Boxer da Jincheng ya ɗauka duk babur babur ne.

Fara da ajiya. Mai irin wannan babur ba kullum yake hawa ba. Ya fita Rayfield ranar Lahadi, ya dawo ya lulluɓe shi, sai bayan wata biyu ya tuna da shi. Fetur ɗin da ya kwana a kafireta ya bushe ya bar danƙo, ƙananan ramukan su toshe. Kuma kafireta huɗu ce, ba ɗaya ba. In ka wanke su ka mayar, aiki bai ƙare ba sai ka daidaita su da ma'aunin iska, dukkansu su ja daidai, in ba haka ba babur zai yi ta rawa a silo kana zargin fulogi. Daga 2001 Honda ta koma injekta a samfurin F4i, wannan wahalar ta ragu, amma na Alhaji na kafireta ne. Wanda zai ajiye shi fiye da mako uku ya zare man da ke cikin kafiretocin, ya cire kan batir. Man 'yan bumburutu kuwa, kada ma ya kusanci tankin.

Akwai wani abu da ya shafi Jos kanta. Muna sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta ƙasa kauri ba, saboda haka babur ɗin da aka saita a Legas idan ya hau nan mai yakan ɗan yi masa yawa, fulogi ya yi baƙi. Yara sai su hau rage mai da sukundireba har su wuce gona da iri. Mai shi ya gangara Hawan Kibo ya nufi Akwanga, iska ta yi kauri, mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi. Kafin ka taɓa saitin, buɗe filtar iska tukuna. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe ta.

Wuta kuma, a nan Honda na waɗannan shekarun ke da rauni. Rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, tana zafi ta ƙone, soket ɗin wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da ke fitowa daga kwayil ya narke. Mai babur zai ce batir ne, ya sayi sabo, bayan kwana kaɗan shi ma ya mutu. Kai dai ka sa mitar gwada wuta a kan batir, ka ja inji zuwa wajen juyi 5,000 a minti. In ka ga tsakanin volt 13.5 da 14.5, lafiya. In ya tsaya a 12 ko ya haura 15, ka san inda ciwon yake. Ni nakan sa rektifaya irin ta sabbin babura wadda ba ta zafi sosai, in sake soket ɗin gaba ɗaya. Wata ƙara kuma da za ka ji kamar tsakuwa a gwangwani daga gefen dama, yawanci tenshinar sarkar taimin ce ta saki. Ƙaramin abu ne, a canza shi kawai. Kada ka bari wani ya ce sai an sauke inji.

Baƙin mai: kulocin babur ɗin nan cikin man inji yake iyo. Wasu mayukan mota suna da sinadarin da ke sa santsi, in ka zuba kuloci zai riƙa zamewa. Nemi galan mai rubutun JASO MA. Lagireto kuma a zuba masa ruwan kulan, ba ruwan rijiya ba. Man birki DOT 4, duk shekara biyu a zubar a sake.

Duk abin da yake na roba ya tsufa ko da ba a hau ba: tiyon ruwa, tiyon birki, sil ɗin shokozoba na gaba. Taya ta fi komai yaudara, don za ka gan ta da zane raɗau alhali ta ƙeƙashe. Duba lambobi huɗun da ke gefenta. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, kuma irin wannan ba zan bar yayanka ya hau ta a damina ba. Ta baya lambar faɗinta 160 ce. Masu cusa 180 don ado suna ɓata wa babur kwana ne kawai. Sarka a wanke ta da kananzir, ba fetur ba, saboda ƙananan robobin da ke cikinta.

To, zancen kuɗi, wanda shi ne ainihin amsar. Kayan wannan babur ba ka shiga Dilimi ka ɗauko su a kanta kamar na Boxer. Wasu sai an aika Legas, wasu sai an yi oda daga waje a jira makonni, kuma da dala ake lissafinsu. Robobin jikinsa, in ya faɗi sau ɗaya suka fashe, samun na asali aiki ne. Saboda haka in duk abin da yayanka ke da shi zai zuba a saye, ya haƙura. In zai iya saye ya kuma ware wani abu na tayoyi biyu, sarka da sifoket, batir da rektifaya tun shekarar farko, kuma yana da wani abin hawan na zuwa aiki, to ya saya, zai ji daɗinsa shekaru masu yawa.

Ka ce masa ya zo Asabar da sassafe mu je tare. Ka roƙi Alhaji kada a tada babur ɗin kafin mu iso, a sanyinsa nake son jin ƙararsa. Ka ɗauko mitar gwada wuta da tocila, za mu leƙa cikin tanki ko akwai tsatsa, sannan mu haɗa lambar da ke jikin firam da ta takardu kafin a fara maganar farashi.