Ina zargin maƙwabcinmu da noman wiwi a gidan haya: in kai ƙara ko in yi shiru?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a gidan haya a unguwar Zariya cikin garin Maradi. Gidan sassa uku ne, ƙofar shigarmu ɗaya, kontar wutar lantarkinmu ma ɗaya. A sashen da ke jikin namu akwai wani saurayi da ya tare bara. Tun bayan damina nake jin wani wari mai ƙarfi yana fitowa daga wajensa, kuma wata rana ina shanya na hango shuke-shuke a cikin bokitai da tsofaffin jarkoki, ganyensu kamar yatsun hannu. Ya toshe tagar ɗaki guda da kwali, fitila tana kwana a kunne, kuɗin wutar da muke haɗawa ya ƙaru, ga samari suna shigowa da dare. Maigidana ya ce mu kama bakinmu kada mu jawo wa kanmu fitina, ni kuwa babban ɗana shekararsa 14, hankalina ya ƙi kwanciya. Shin in kai ƙara? Wurin wa zan je, kuma za a bayyana sunana?

Wata uwa, daga Maradi.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya miki zuri'a. Shawarata ita ce ki sanar da hukuma, amma ki kai musu abin da idonki ya gani da abin da hancinki ya shaƙa kaɗai, ki bar musu aikin bincike da yanke hukunci.

Kafin nan, ya kamata ki san cewa ganye mai kama da yatsun hannu ba hujja ba ce, domin a gidajen Maradi ana shuka rama da rogo, kuma dukansu suna iya ruɗar mai hange daga nesa. Rama ce ta fi yaudarar ido, har masana tsirrai sun daɗe da lura da wannan kama. Ana bambanta su ta haka: yatsun ganyen rama a haɗe suke daga gindi, jikin karanta yana da 'yan ƙayoyi, kuma tana fitar da babban fure mai launin fari-fari zuwa rawaya da jan tsakiya. Ganyen rogo kuwa gefensa sumul yake. Ita wiwi kowane yatsa na ganyenta a rabe yake har gindi, yawanci biyar ko bakwai ko tara, gefensa yana da haƙora irin na zarto, ba ta yin fure mai ɗaukar ido, sai wasu curarrun tohon da ke da danƙo, kuma a lokacin fitarsu ne warinta ya fi tsanani. Galibin wiwin da jami'ai ke kamawa a ƙasar nan shigo da ita ake yi a bushe ta kan iyaka, saboda haka noma ta a cikin gida ba shi ne abin da aka fi gani ba. Sai dai wasiƙarki ba ganye kaɗai ta ambata ba. Wari, da tagar da aka toshe, da fitilar da ba ta mutuwa, da baƙin dare, idan suka taru wuri guda sun isa mai hankali ya damu.

Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne ki hau katanga ki leƙa, ko ki aika yaro ya tsinko ganye, ko ki ɗauki hoto ki watsa a WhatsApp na matan unguwa. Suratul Hujurat ta hane mu yawan zato da binciken asirin mutane, ta kuma umarce mu da tabbatar da labari kafin mu cutar da wani, Hausawa ma suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Idan shukar ta zamo rama, kin ɓata wa bawan Allah suna a unguwa, abin da ba ya wankuwa da sauƙi. Idan kuma wiwin ce, kin faɗakar da shi ya kwashe kayansa, sannan ya san bakin da maganar ta fito. Haka nan kada ke ko maigidanki ku tunkare shi da zancen, domin ba ku san su wane ne ke bayansa ba.

A fuskar doka babu ruɗani. Doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, wadda ta shafi yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Nijar, ta haramta noman wiwi da ajiye ta da sayar da ita, kuma hukuncin ɗauri ne da tara. Wannan ne ya sa nake ganin shirun da maigidanki ya zaɓa ba zai ba ku kariyar da yake fata ba. Ƙofarku ɗaya, kontarku ɗaya, ranar da jami'ai suka shigo bisa rahoton wani daban, duk wanda ke kwana a gidan zai amsa tambayoyi, har da mai gidan da ya ba da haya, kuma wanda ya riga ya sanar ya fi wanda ya gani ya yi gum sauƙin wanke kansa. Ki zaunar da maigidanki cikin ladabi ki nuna masa wannan, domin ya fi kyau ku je tare ko shi ya je a madadinku.

Wuraren zuwa su ne ofishin 'yan sanda mafi kusa da ku, ko na jandarmomi, ko kai tsaye wurin hukumar OCRTIS, wato reshen 'yan sandan ƙasa da ke yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda take da jami'ai a Maradi. Idan kun isa ku nemi ganin babban jami'i a keɓe, kada ku zayyana maganar a bakin ƙofa gaban jama'a. Ku faɗi kwatancen gidan, da lokacin da warin ya fara, da abin da aka hango, da sa'o'in da baƙi ke zuwa, ku kuma bayyana a fili cewa zargi ne kuke yi, ba ku da tabbas. Kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, domin dokar laifuffuka tana hukunta wanda ya kai ƙarar ƙarya da gangan don ya cuci wani, amma wanda ya faɗi abin da ya gani da zuciya ɗaya ba ya cikin wannan. Wasu za su ce a fara da mai unguwa, kuma hakan yana da kyau a rigingimun maƙwabtaka, sai dai wannan batu na laifi ne, kuma duk kunnen da ya ƙaru, haɗarin fitar maganar ya ƙaru.

Game da sunanki, ba zan yi miki alƙawarin da ba a hannuna yake ba. Akwai bambanci tsakanin ba da bayani ga jami'i domin ya bincika da kansa, da shigar da ƙara a rubuce ko tsayawa shaida. A na farko kina iya roƙon a sakaya sunanki, kuma masu bincike sun saba aiki da irin wannan bayani. A na biyu sunanki zai shiga takardar da za a miƙa wa mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda ake zargi da lauyansa kuma suna iya ganinta. Ki tambayi jami'in wanne ne kuke yi tun kafin a fara rubutu. A gida mai sassa uku zargi zai iya faɗawa kanku ko da ba a ambaci kowa ba, shi ya sa bayan kun dawo sai ku ci gaba da gaisuwa da mu'amala kamar kullum, kada yara ko ƙawaye su ji komai. Kada ki ɗauka an yi watsi da ku idan kwanaki suka wuce ba ku ga motsi ba, domin jami'ai sukan sa ido na ɗan lokaci kafin su shiga gida.

Akwai abu guda da ba ya jiran bincike, wato wutar lantarki. Fitilu masu ƙarfi da fanka da ke aiki dare da rana a kan wayoyin da ba a yi su don wannan nauyi ba suna iya haddasa gobara, kuma bangonku ɗaya da ɗakin. Kuna da damar ku nemi mai gidan ya kawo mai gyaran wuta ya duba layin, ko ya raba muku konta, bisa dalilin tsadar kuɗin wuta kawai, ba tare da an ambaci shuka ba. Idan kun ji ƙaurin waya ko kun ga hayaƙi, ku fitar da yara nan take ku kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, idan kuma wani ya yi muku barazana ku kira 'yan sanda a lamba 17.

Shi kuma yaronki, damuwarki a kansa tana kan hanya, domin likitoci sun tabbatar cewa wanda ya fara shan wiwi da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin kamuwa da jarabarta, da raunin karatu, da taɓin hankali ga wasu. Ki hana shi shiga sashen saurayin ko karɓar aike daga baƙinsa, domin da aiken sayen sigari ko kai saƙo ake fara jan yara. Mahaifinsa ya riƙa zama da shi bayan sallar isha'i yana jin su wa yake yawo da su, ba tare da an gaya masa abin da kuke zargi ba har sai jami'ai sun gama aikinsu.