Yadda Layin Dogo Ya Haifi Garin North Platte

Tambaya: Malam, ni ɗan tsohon ma'aikacin reluwe ne, a Kafanchan na tashi. Baba kan ce ba don dogo ba, da garinmu bai kai haka ba. Na ji an ce a tsakiyar Amurka akwai garuruwan da jirgin ƙasa ne ya kafa su tun daga tushe. Ta yaya gari ke tsirowa a bakin dogo, kuma me ke sa wani ya rayu, wani ya mutu?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ya faɗa maka. Bari in ɗauki gari guda, North Platte a jihar Nebraska, domin a labarinsa za ka ga duk abin da ka tambaya.

A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba kamfanin Union Pacific izinin shimfiɗa dogo zuwa yamma, gwamnati kuma tana ba kamfanin filaye a gefen layin gwargwadon tsawon da ya shimfiɗa. Filayen nan ba kufai ba ne, ƙasar farautar 'yan asalin wurin ce, irin su Lakota da Cheyenne, kuma da ƙarfin soja aka ture su. Duk wanda ya ba ka tarihin garuruwan nan ya tsallake wannan, ya rage maka labari.

Aiki ya tashi daga birnin Omaha a gabashin Nebraska, ya iso kusa da mahaɗar kogunan North Platte da South Platte a ƙarshen 1866. Babban injiniyan kamfanin, Grenville Dodge, shi ya zaɓi wurin. Sanyin hunturu ya tsayar da leburori a can, sai dubban mutane suka yi sansani: masu ɗaukar ƙarfen dogo, 'yan tireda, masu gidajen giya da 'yan caca, kowa a cikin tanti ko rumfar katako da ake iya kwancewa a rana ɗaya. Da dogo ya ƙara gaba a 1867, suka kwance rumfunansu, suka loda a taragu, suka nufi Julesburg, sansani na gaba a kan layin. Ƙalilan ne suka rage.

Sansanoni da yawa a nan labarinsu ya ƙare. Abin da ya ceci North Platte shi ne halin kan jirgi na wancan zamani. Da tururi yake tafiya, cin kwal da shan ruwa gare shi, kuma bayan mil ɗari da ɗoriya sai an canza direba da mai zuba kwal, an duba injin. Don haka kamfani ya yanka layinsa zango-zango, North Platte ya zama ɗaya daga cikin zangunan, aka gina masa gidan gyaran kawunan jirgi. Makaniki mai albashin wata ba ya kwana a tanti har abada. Zai ɗauko iyalinsa, ya gina gida, ya nemi makaranta da kanti. A ganina wannan shi ne ginshiƙin maganar: garin da jirgi ke ratsawa kawai yana iya bushewa, wanda ma'aikatan jirgi ke karɓar albashi a cikinsa shi ke kafa saiwa. Tambayi Baba abin da zaman mahaɗar layuka ya yi wa Kafanchan, za ka ji kusan amsa ɗaya.

Daga baya makiyaya da manoma suka cika karkara. Wata doka dabam ta 1862, ta rabon filaye, ta ba mai zama eka 160, amma ƙasar yammacin Nebraska busasshiya ce, sai da dokar 1904 ta ɗaga rabon zuwa eka 640. Shanunsu ta tashar garin suke fita.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Disambar 1941 mutanen gari suka taru a tasha da tsarabar abinci, don sun ji 'ya'yansu sojoji za su wuce. Jirgi ya tsaya, ashe sojojin jihar Kansas ne. Bayan ɗan turus, sai suka miƙa musu kayan ta tagogi. Wata budurwa, Rae Wilson, ta rubuta wa jaridar garin cewa a mayar da wannan aikin kullum. Daga ranar Kirsimeti ta 1941 har zuwa Afrilun 1946, matan garin da na ƙauyukan kewaye suka tari kowane jirgin soja da kofi da dafaffen ƙwai da kek, cikin tsayawar minti goma, har suka ciyar da sojoji sama da miliyan 6.

Jirgin fasinja ya daina tsayawa a 1971, aka rushe tashar nan a 1973, abin da har yau nake ganin ɓarna ce. Amma aikin kaya bai tafi ba. A yammacin garin akwai Bailey Yard, filin da ake rarrabe taragun kaya ana haɗa su da jiragen da za su kai su, tsawonsa mil 8, kuma babu kamarsa girma a duniya. Garin da mutanensa ba su kai 25,000 ba, dare da rana ana jin ƙarar taragu suna gangarowa suna karo da juna.