Takalmin daji marar kaurin tafi: ƙarkonsa, daɗinsa, da wanda bai kamata ya saya ba

Wasiƙu uku suka iso mini a kan nau'in takalmi guda, wato takalmin daji mai rufe idon sawu wanda tafinsa ba shi da kauri, wanda masu yinsa a Turai da Amurka suke tallatawa da cewa sa shi tamkar tafiya ce ba takalmi. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Jos, shekaruna 41, kuma kusan kowace Asabar ni da abokaina mukan hau duwatsun Shere. Takalmin da nake sawa yana da nauyi, yana matse mini yatsu, idan muna gangarowa kuma babban yatsana yakan riƙa dukan bakinsa har farcen ya yi baƙi. Na ga wani iri a intanet mai faɗin baki, marar kaurin tafi, kuɗinsa ya haura dala 200. Zai yi ƙarko a kan dutse kuwa, ko asarar kuɗi zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abubuwa uku ne suka raba wannan takalmi da wanda ka saba da shi. Bakinsa yana da faɗi yadda yatsu za su baje, dunduniyarsa ba ta fi gabansa tudu ba, sannan tafinsa yana lanƙwasuwa har mutum ya iya naɗe shi da hannu. Kaurin tafin yakan tsaya tsakanin milimita 4 zuwa 10, alhali takalmin hawan dutse na yau da kullum yakan kai milimita 25 ko fiye a wajen dunduniya, domin an cusa masa soso tsakanin ƙafa da robar da ke taka ƙasa. Matsalar farcenka ta matsin baki ce da ƙarancin tsawo, kuma faɗin baki zai iya magance ta, amma ka lura cewa akwai takalma masu faɗin baki da kauri a haɗe, saboda haka ba dole ba ne ka rabu da kaurin don kawai ka sami faɗin.

A kan ƙarko, mutane da yawa suna zaton siririn tafi shi ne zai fara mutuwa, amma abin da ya fi kashe takalmi shi ne yadda aka haɗa tafin da fatar sama. Mafi yawan waɗannan takalma da gam ake manne su, kuma tun da an yi su ne don su riƙa lanƙwasuwa a kowane taku, wurin da ƙafa ke karyewa a gindin yatsu shi ne yake fara buɗe baki, musamman idan zafin rana ya gasa gam ɗin, ƙura ta shiga, sannan ruwan damina ya biyo baya. Wanda aka ɗinke tafinsa da zare ya fi jure wannan wahala nesa ba kusa ba, kuma idan robar ta cinye, mai gyaran takalmi zai iya cire ta ya sa wata. Kamfanin Jim Green na Afirka ta Kudu, wanda masana'antarsa ke Pietermaritzburg, yana yin irin wannan ɗinki, inda ake baje bakin fatar waje a ɗinke ta a kan tafi, kuma yana da samfurin African Ranger marar tudun dunduniya. Ya fi sauran nauyi da tauri kaɗan, amma a ganina shi ne ya fi dacewa da mutumin da yake zaune inda mayar da kaya ga kamfani ke da wuya. Vivobarefoot na Ingila yana da tsarin gyaran tsofaffin takalmansa, Xero Shoes na Amurka kuma yana ba da garantin mil 5,000 a kan tafinsa, wato kimanin kilomita 8,000, bisa wasu sharuɗɗa. Duka biyun abin yabo ne, sai dai wanda ke Jos zai lissafa kuɗin aikawa da na dawowa kafin ya ɗauki wannan alkawari a matsayin riba.

Dutsen Filato yana da kaushi, yana cin roba kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Haƙoran da ke ƙasan tafin su ne za su fara shafewa, kuma da yake babu wani kauri a bayansu, ranar da suka ƙare takalmin ya zama mai santsi a kan dutse. Ka nemi mai haƙora masu zurfi, kada kuma ka mayar da shi takalmin zuwa ofis da kasuwa, domin kwalta ta fi daji saurin cinye su. Akwai fa'ida guda da ba a cika ambata ba: tun da babu soso a ciki, babu abin da zai lotse ko ya ruɓe. Duk wanda ya taɓa sayen takalmin gwanjo mai kyan gani, ya sa shi kwana biyu tafin ya marmashe kamar busasshen burodi, ya ga aikin danshi a kan wani nau'in soso da ya daɗe a ajiye. Wannan takalmin ya tsira daga wannan ciwo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙafarka, ba takalmin ba. Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma idan ta shekara ashirin a cikin sau-ciki mai tudun dunduniya, tsokokinta sukan yi lalaci, agara da sha-raɓa kuma su saba da gajeren miƙewa. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi sawun masu gudu da suka koma takalmin Vibram mai yatsu biyar cikin mako goma, kuma hoton asibiti ya nuna alamun rauni a ƙasusuwan ƙafar 10 daga cikin 19 da suka sauya. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar a kan iƙirarin lafiya da ya yi a tallansa, ko da yake bai amsa laifi ba. A ɗaya gefen kuma, wani bincike na Jami'ar Liverpool da aka wallafa a 2021 ya gano cewa waɗanda suka yi wata shida suna harkokinsu na yau da kullum cikin irin wannan takalmi, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kimanin kashi 57 cikin ɗari. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne amfanin gaskiya ne, amma da sannu ake samunsa, kuma gaggawa ce take jawo rauni. Idan ka saya, ka fara da rabin sa'a a unguwa, ka riƙa ƙarawa mako bayan mako, kada ka kai shi Shere sai bayan wata biyu ko uku, kuma a hawan farko ka rage kayan da ke bayanka, ka tafi da tsohon takalminka a jaka. Tsamin sha-raɓa a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, amma ciwo a wuri guda a bayan ƙafa, wanda yake ƙaruwa idan an danna, alama ce ta a dakata a ga likita. Wanda ya tashi cikin silifas da fade, ya yi noma da kiwo, ya riga ya yi rabin wannan horo tun yana yaro, don haka ka auna kanka da gaskiya ka ga a wane ɓangare kake.

Tambaya: Malam, ni ɗan farauta ne daga yankin Gombe, muna fita da rani bayan an kawar da amfanin gona. An ce mini wannan takalmi ba ya ƙara idan ana sanɗa, kuma ba ya gajiyar da mutum. Zai kare ni daga ƙaya da maciji?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka batun sanɗa bai yi ƙarya ba. Tafi mai laushi yana barin ƙafa ta ji busasshen kara ko tsakuwa kafin nauyin jiki ya sauka a kai, sai mutum ya janye ya sake wurin taku, abin da takalmi mai tauri ba ya bari a yi. Wannan ne dalilin da ya sa wasu masu farauta da baka a Amurka suke cire manyan takalmansu idan sun kusanci dabba, su ƙarasa da safa ko da takalmin fata mai taushi. Rashin nauyinsa ma yana rage gajiya ga wanda zai wuni yana bin sawu.

Sai dai an ƙera yawancinsu ne don dazuzzukan da ƙasarsu ke da laka da ganye da saiwoyi, ba don dajin da ke cike da aduwa da bagaruwa da farar ƙaya ba. Ƙarangiya ba za ta huda roba ba, iyakarta ta maƙale a safa da igiya. Amma busasshiyar ƙayar aduwa, wadda takan yi tsawon ɗan yatsa, idan ta tsaya a tsaye mutum ya taka ta da gudu, tana iya ratsa tafin milimita biyar ta isa nama. Wasu kamfanoni suna sa wani shimfiɗi mai tauri a ciki don rage huda, kuma yana taimakawa, amma ragewa yake yi, ba hanawa ba. Haka kuma kututturen dawa da aka sare a karkace yana yaga gefen takalmin yadi cikin sauƙi, saboda haka idan za ka saya, ka tsaya a kan na fata zalla mai kauri. Ka guji wanda aka yi wa rufin hana ruwa shiga daga ciki, domin a zafin bazara zai dafa maka ƙafa, gumi ya taru, bororo ya fito. Ka kuma sani cewa zafin ƙasa da tsakar rana yana ratsa siririn tafi fiye da yadda yake ratsa mai kauri. Ba banza ba makiyaya suka riƙe takalmin taya shekara da shekaru: ƙaya ba ta huda shi, zafi ba ya ratsa shi da wuri, kuma shi ma a shimfiɗe yake ba tudun dunduniya.

Batun maciji kuwa ba na son ka ɗauke shi da wasa, kai da kake kusa da Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake karɓar dubban mutane a shekara. Kububuwa ce ta fi yin ɓarna a wannan yanki, kuma yawancin saranta a ƙafa ne da idon sawu, domin a ƙasa take kwance cikin ciyawa da duwatsu, launinta ya saje da wurin. Kowane rufaffen takalmi ya fi silifas, amma wannan nau'in iyakarsa saman idon sawu kaɗan, fatarsa kuma an zaɓe ta ne don taushi, ba a yi shi don tare haƙorin maciji ba. Idan za ka shiga ciyawa mai duhu, ko za ka fita da asuba ko da almuru, dogon takalmin roba mai kaiwa kusa da gwiwa, ko takalmin fata haɗe da kariyar ƙwauri da wando mai kauri, sun fi maka aminci ko da za su rage maka daɗin sanɗa. Shawarata ita ce kada ka mayar da shi takalmin farautarka tilo. Idan kana da halin biyu, ka ajiye shi don fili mai sarari da wuraren duwatsu, idan kuwa ɗaya za ka iya saya, ka sa kuɗinka a kan mai kauri da tsawo.

Kowanne ka zaɓa, hunturu yana busar da fata har ta tsage a wurin lanƙwasa. Ka riƙa kakkaɓe ƙura bayan kowace fita, ka shafa masa man kaɗanya kaɗan haɗe da kakin zuma, idan ya jiƙe kuma ka shanya shi a inuwa, kada ka kai shi bakin wuta, domin wuta tana ƙona fata ta kuma saki gam.

Tambaya: Ina so in sa ƙanena da ke Ingila ya sayo wa maigidana irin wannan takalmi, saboda likita ya ce ya riƙa yawan tafiya a ƙasa. Yana da ciwon suga shekara tara. Yaya zan san lambar da za ta yi masa daidai?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa, ya kuma ba maigida lafiya. Amma ina roƙonki ki dakata da wannan saye har sai likitansa ya duba ƙafarsa. Ciwon suga da ya daɗe yakan rage jin ƙafa, ta yadda mutum zai taka ƙusa ko tsakuwa ta ƙuje shi bai sani ba, kuma ƙaramin rauni a ƙafar mai suga yana iya zama gyambon da ke da wuyar warkewa. Duk amfanin siririn tafi ya dogara ne a kan ƙafa ta ji ƙasa ta kare kanta, wanda jinsa ya ragu kuwa ya rasa wannan kariya, sai haɗarin kawai ya rage masa. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne takalmi mai faɗin baki, mai taushin ciki, marar ɗinkin da zai goge fata, mai tafi mai kauri.

Game da awo, kowane irin takalmi kuka tsayar a kai bayan ganin likita, kada ki dogara da lambar da ya saba sawa, domin lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani. Da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya sa safar da zai riƙa tafiya da ita, ya tsaya a kan takarda, ki zagaye kowace ƙafa da biro a tsaye. Ki auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, ki kuma auna wurin da ya fi faɗi, ki ɗauki awon ƙafar da ta fi girma, sannan ki ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan tsawon. Wannan awo na santimita shi za ki aika wa ƙanenki ya gwada da jadawalin kamfanin, kuma ki ce masa ya riƙe rasit har sai takalmin ya iso maigida ya gwada shi a cikin ɗaki.