Tambayi Likita: Farfaɗiyar Yara da Na'urar Horar da Ƙwaƙwalwa

Likita, ana ɗaukar farfaɗiya ta yawun mai ita? (Wani malamin lakwal, Tawa)

A'a Malam, ko kaɗan. Ba ta bin yawu, ba ta bin kwano ko tabarma. Bar yaron da ke da ita ya zauna cikin ƴan ajinsu.

Ɗana mai shekara tara yana shan maganin farfaɗiya, Gardénal. Wata takwas ke nan bai faɗi ba, sai dai hankalinsa ba ya tsayawa kan karatu. Ƙanena da ke Faransa ya ce akwai wata na'ura, nurofidbak, wai da ita za mu huta da magani. (Wata uwa, Bukoki, Yamai)

Hajiya, kafin komai, kada ki yanke masa maganin nan, ko na kwana ɗaya. Yanke shi farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, kuma tana kisa.

Ita na'urar, ana manna ƴan wayoyi ne a fatar kai su karanta motsin ƙwaƙwalwa, yaro yana kallon wasa a kwamfuta. In ƙwaƙwalwa ta yi motsin da ake so, wasan ya ci gaba. In ta kauce, ya tsaya. Ba ta sa wuta a kai. Wani masani a Amurka, Barry Sterman, ya fara gwada ta kan kyanwoyi a ƙarshen shekarun 1960. Akan yi zama talatin zuwa arba'in, ga tsada, kuma binciken da aka yi bai kai a dogara da ita ba, balle ta maye gurbin magani. Shi kuwa magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 za su daina faɗuwa idan sun same shi yadda ya kamata.

Abin da na fi so ki duba shi ne Gardénal ɗin kansa, don yana sa wasu yara ƙiriniya da rashin natsuwa. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro: ya ƙura ido ƴan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, a ce sakarci ne. Kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai a yi gwajin EEG, wato awon motsin ƙwaƙwalwa, a ga ko za a canja magani. Likita ne zai canja, Hajiya, ba ke ba.

Kakar ɗana kan sa masa cokali a baki ta yi masa hayaƙin barkono idan ya faɗi. (Wani uba, Tawa)

Don Allah a daina! Na sha karɓar yaro haƙoran gaba a karye, jini a baki, saboda cokalin nan. Ba wanda ke haɗiye harshensa. Hayaƙi kuma shaƙe shi yake yi. Ku kwantar da shi ta gefe, ku sa zane ƙarƙashin kansa, ku janye murhu, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu. Addu'a a yi ta, amma in ya wuce minti 5 yana jijjiga, ku nufi asibiti nan take.

Yaro mai farfaɗiya zai iya buga ƙwallo?

Ƙwarai kuwa. Amma ban da wanka a kogi ko jan ruwa a rijiya shi kaɗai.