Aksil mai ɗagawa zai ba ni damar ƙara lodi?

Malam, ka ce kana son saka wa motarka aksil mai ɗagawa, wato ƙarin sandar tayoyi da ake iya ɗagawa sama ko saukewa ƙasa, don ka ƙara kaya ba tare da an tare ka a sikeli ba. Zai iya taimakawa, amma da sharaɗi.

Doka tana duba nauyin motar gaba ɗaya, sannan ta duba abin da ke kan kowane aksil. A manyan titunan tarayya na Amurka, iyakar nauyin motar gaba ɗaya ita ce fam 80,000, aksil ɗaya fam 20,000, biyu a jere fam 34,000, kuma ana lissafa tazarar da ke tsakanin aksil da aksil saboda gadoji. A Tarayyar Turai, aksil mai jan mota bai wuce tan 11.5 ba. Ƙarin aksil yana raba nauyi ne kawai, ba ya ɗaga iyakar da masana'anta ta rubuta a farantin bayanan motar.

Inda direbobi suka fi faɗawa shi ne su bar aksil a sama alhali mota na ɗauke da kaya, wai don tayoyi su huta. Nan take nauyin ya koma kan sauran, sikeli kuwa ba ya jin uzuri. Haka idan aksil ɗin yana gaban tayoyi masu jan mota, kuma iskar jakunkunan da ke danna shi ƙasa ta yi yawa, sai ya sauke nauyi daga tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, musamman a titi mai santsi.

Kafin a taɓa shasi, ka nemi injiniyan da ya san birki da rabon nauyi, ka kuma tambayi hukumar rajistar motoci ta ƙasarku ko sai an sabunta takardun motar.